Baba Jona da Turakun Rumfa

Kafin masu ƙosai su hura wuta, Baba Jona yana fili. Zai yayyafa ruwa, ya ja tsohuwar gangar da ya cika da siminti har ƙasa ta kwanta sumul, sannan ya duƙa ya ja layi da farar ƙasa. Filin tanis ɗin da ke bayan firamaren unguwarmu shi ya yi shi, da ƙasar suri da ya riƙa ɗebowa daga Dusuman. Shekara goma sha tara ke nan, duk dogon hutu yana tara yara mako uku yana koya musu tanis. Shi ne koci, shi ke ɗinke raga, shi ke bi gida-gida yana lallashin iyaye su bar 'ya'yansu mata su zo.

Bana ya ce gwiwa ta ƙi, wannan ne sansaninsa na ƙarshe. Abin da aka yi masa ranar rufewa ne ya sa na ɗauki alƙalami, kuma har yanzu raina a ɓace yake.

Akwai Muhsinat, 'yar shekara goma sha huɗu daga Zabarmari, wadda ya koya wa riƙe raket tun tana 'yar takwas. Shekara biyu yana roƙon wani koci na Abuja ya zo ya ga wasanta. Mutumin ya zo, amma jirginsa na azahar ne. In ba a buga wasan ƙarshe da safe ba, shi ke nan damar yarinyar ta wuce.

Ranar rufewar, gari na wayewa sai ga rumfuna a tsakiyar filin. Wani kwamiti ne da ba mu taɓa ganin ƙeyarsa ba, ya ji za a zo da kyamara. Sun buga turakun ƙarfe a ƙasar da dattijon ya daddaɓe, sun jera kujeru, har da lambar yabo da za a ba shugabansu, wai don ya raya tanis. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi!

Baba Jona ya nufi rumfunan kai tsaye. Ya kama turken farko, ya girgiza, ya tuge.

Shugaban ya taso yana gyara babbar riga. "Kai dattijo! Kai wane ne?"

"Yallaɓai, yarinya za ta yi wasa ƙarfe tara. Ga inuwar darbejiya can, ta ishe ku."

"Ka san manyan da za su zauna a nan?"

"Ban san su ba. Ita na sani."

Iyaye mata ne suka fara kwashe kujerun, maza suka bi da rumfunan. Shi kuwa ya durƙusa a kan gwiwar nan da ta ƙi, yana cike ramukan ɗaya bayan ɗaya, yana danna ƙasa da tafin hannu. Da ya gama, tashi ya gagara. A zaune a ƙasa ya kalli wasan, a zaune ya ga kocin yana rubuta sunan Muhsinat. Sai da mahaifinta, Malam Sa'id manomin shinkafa, ya kama shi sannan ya miƙe.

Lambar yabon fa? An bayar, a gindin darbejiya, an yi tafi. Mai gabatarwa ya gode wa "masu share fili". Ko sunansa ba a kira ba. Wallahi na ji kunya, don ni ma ina wurin kuma ban ɗaga murya ba.

Yallaɓai ya tambaye shi ko shi wane ne, ga amsa. Baba Jona, kai ne mai filin da ba ka da takardarsa. Kai ne ka sa 'yar manomin shinkafa za ta tafi Abuja da raket a kafaɗa. Mun gode, Allah ya ba gwiwar nan lafiya.

Mu kuma 'yan unguwa, tafi ya isa haka. Gangar tana nan a bakin fili inda ya bar ta. Hutun baɗi yara za su zo da sassafe kamar yadda suka saba. Wa zai ja ta?