Lemon da Na Faɗa, Lemon da Gwaggo Ta Ji

Ko zan manta da komai a duniya, ban da ranar da likita ya tambayi Gwaggo wanda ya ce ta sha lemo. Shekaru sun ja, amma duk sanda na tuna sai kunya ta lulluɓe ni.

Gwaggo ƙanwar mahaifina ce, ita ta raine ni a gidanmu na Gwale. Sana'arta ɗinkin hula, idonta ne jarinta. Da aka gano tana da ciwon suga, likita ya ɗora ta a kan magani, ya gargaɗe ta cewa in sugan ya yi ta hawa zai iya taɓa ido. Ta bi doka sau da ƙafa, sai dai kullum tana mitar an raba ta da zaƙi.

Ni kuwa lokacin sabon malamin kimiyya ne a sakandare, kaina ya kumbura, kafin a gama tambaya na ba da amsa. Na karanta a waya cewa akwai wani sinadari a ɓawon lemo da ake sa ran zai taimaka wajen daidaita suga. "Ake sa ran" aka rubuta fa, ni na haɗiye wannan. Na sayo ƙwayoyin da aka yi da sinadarin a wani kemis wajen Ƙofar Mazugal, na dire mata a kan tabarma.

"Wannan kuma fa, Malam Ƙarami?" Haka take tsokanata.

"Daga lemo aka yi shi, Gwaggo. Ai lemo sauke suga yake yi."

"Lemo dai? Lemo?"

"Lemo dai da kika sani!" Na zura takalmi na yi gaba.

Kaico! A bakin Gwaggo, in ba a ce na ɓawo ba, lemo na kwalba ne. Ban ambaci ɓawo ba, ban kuma ce ta ci gaba da maganin asibiti ba. Da ƙwayoyin suka ƙare, ta ga ba sai ta wahalar da ni ba tunda ga asalin abin a shagon ƙofar gida. Kullum bayan azahar sai ta sha kwalba ɗaya mai sanyi, maganin asibiti kuma ta ajiye shi. Duk Juma'a ina zuwa, in ci tuwonta, in cika ta da surutu. Ko sau ɗaya ban tambaye ta abin da take sha ba.

Bayan wasu watanni ta fara laluben kafar allura, tana cewa dishi-dishi take gani. Na kai ta asibiti. Likita ya auna, ya dube ta.

"Hajiya, me kike sha?"

"Lemon kwalba, kullum ɗaya. Ai yana sauke suga."

"Innalillahi! Wa ya gaya miki haka?"

Ina tsaye a bayanta riƙe da jakarta, sai a lokacin na gane ɓarnar da na yi. Gwaggo ko waiwayo ba ta yi ba.

"Ba kowa, likita. Kwaɗayina ne."

Wannan bakin nawa da ba ya rufuwa, ranar ya rufu. Ina ji likita ya yi mata faɗa kamar ƙaramar yarinya, tana ta ba shi haƙuri. A cikin a-daidaita-sahu na ce, "Gwaggo, ni ne fa..." Ta katse ni: "Yi mini shiru. So kake a ce malamin makaranta bai san aikinsa ba?"

Sugan ya sauka bayan ta koma kan magani, amma idon bai dawo ba. Na hagu ya tafi, na dama sai inuwar mutum. Ba ta ƙara ɗinka hula ba har Allah ya karɓi abarsa, kuma ba ta taɓa tada maganar ba.

Har yau ban san ko ƙwayoyin nan suna aiki ba, ban kuma ɗora musu laifi ba. Laifin nawa ne. Na koyi cewa rabin sani a bakin wanda aka yarda da shi ya fi jahilci haɗari. Yanzu in na gaya wa mutum magana a kan lafiyarsa, ba na tashi sai ya maimaita mini abin da ya ji. Da na zauna minti biyu a kan tabarmar nan, da Gwaggo ta mutu da idonta.