Mashigin da Na Nuna wa Maƙeri

Ƙauyenmu yana bakin wani tafki tsakanin Ruma da Safana, daji na yamma da mu. A tsakiyar ruwan akwai tudu mai geza da kanya, kuma don tudun nan kakanninmu suka kafa gari a wurin, ba don kifi ba. A zamanin, Katsina na bin Sakkwato, mutanen Maraɗi kuwa sun ƙi, sai su biyo daji su faɗa wa ƙauyuka. Da an buga gangar hari, mu sai mu shige ruwa mu haye tudu.

Mashigin ɗaya ne tak. Wani doron ƙasa ne mai tauri a ƙarƙashin ruwa, iya ƙugu, ya taso daga falalen dutsen da mata ke wanki yana karkacewa. Dama da hagu laka ce da zurfi. Ba a nuna wa baƙo shi, ko malami ne. In baƙo ya tambaya, yaro da babba amsa ɗaya muke bayarwa: tafkin nan ba shi da ƙasa.

Ina da mata da ɗa guda lokacin da wani maƙeri ya sauka garinmu. Ya ce daga gabas ya fito, amma ni kunnena harshen arewa yake ji, irin na wajen Maraɗi. Muna bukatar fartanya, sai aka ba shi wuri can ƙarshen gari gindin tsamiya, saboda wuta. Shekara na zagayowa babanmu ya ba shi ƙanwata, bayan ta rantse ba za ta faɗa masa mashigi ba.

Ni dai jinina bai haɗu da nasa ba. Mutum ne mai ido. Ya ga awaki a kan tudu ya tambayi yadda suka je. Ya ga zanen matarsa jiƙe iya ƙugu ya yi murmushi. In ya yi mini kirki sai in ce sayen baki ne, in ya yi shiru in ce lissafi yake yi. Har garmar da ya ƙera mini kyauta sai da na juya ta ina neman abin da ke ƙasa.

Shekararsa ta huɗu, 'yarsu ta fara tafiya, ya same ni ina gyaran darni.

"Yaya," ya ce, "in abin nan ya zo ina maƙera da yarinyar ga, ta ina zan bi?"

Na ce a raina, yau ga shi ya fito fili. Sai dabara ta zo mini, har na ji daɗin kaina. Na nuna masa gindin tsamiyarsa, inda ruwan ya fi ko'ina zurfi.

"Nan ne, Maƙeri. Miƙe sak. Kada kowa shi ji."

Nufina, ran da mahara suka doshi tsamiya, mun san wanda ya ci amanar gari. Ya kama hannuna da hannu biyu yana godiya.

Da kaka maharan suka zo, da hantsi. Dawakai suka raba maƙera da sauran gidaje. Muna kan tudu na hango shi da yarinya a wuya, ya shiga ruwa daidai inda na nuna, bai ko tsaya taɓa zurfin da ƙafa ba. Na buɗe baki, ƙanwata na tsaye kusa da ni, na kasa kira. Ya samu ya tura yarinyar kan geza kafin ruwa ya rufe shi.

Maharan ko kallon tsamiya ba su yi ba. Suka kora shanu suka koma daji. Ashe maƙerin bai faɗa wa kowa ba, kamar yadda na ce masa.

Mutanen gari suka ce ruɗewa ya yi, baƙo ne, bai san ruwa ba. Na bar su a kan haka, kuma kunyar wannan shirun ta fi komai ci mini rai. Ni na riƙi yarinyar, ni na koya mata mashigi taku bayan taku, ni na aurar da ita. Ranar da za a kai ta, ta tsaya bakin tafki ta ce, "Kawu, mi ya sa Baba ya bi ta tsamiya?"

Na ce mata rana na yi, mu tafi.