Kinuyo, Mai Buɗe wa Inji Hanci a Garin Toka

Kafin Kinuyo Sameshima ta ɗaga ƙofar garejinta da safe, sai ta tsaya a bakin titi da tsintsiya a hannu ta dubi Dutsen, wato dutsen nan mai aman wuta da muke zaune a gindinsa. Hayaƙin take kallo, ta ga ina iska za ta kai tokar yau. In gefenmu ta nufo, sai ta lulluɓe kayan aikinta da leda, ta share ƙofa, sannan ta ɗora ruwan shayi. Haka muka san ta tun gashinta yana baƙi. Ƙarshen watan nan za ta rufe garejin saboda hannuwanta sun fara rawa, ni kuwa na ce ba za ta tafi shiru ba.

Kowa a tsibirinmu na Sakurajima ya san inda ta fi ƙwarewa, wato hanyar da inji ke shaƙar iska. Kamfani yana ƙera mota don titin birni, ya sa mata siririn bututu mai lanƙwasa don kada ta yi ƙara. Mu kuwa gonakinmu a jikin dutse suke, iskarmu da toka a ciki. Kinuyo takan faɗaɗa bututun, ta miƙar da shi, ta kai bakinsa inda iska ke da sanyi, amma ba ta taɓa yarda a raba mota da matacin iska ba. Samari sukan ƙetaro daga birni a jirgin fito su ce ta sa musu buɗaɗɗen bututun nan marar mataci, mai sa mota gurnani. Tambayarta ɗaya ce: "A ina motar take kwana?" In ka ce a gindin Dutsen, to sha shayinka ka kama hanya.

Ni dai abin da ta yi wa gidanmu zan faɗa, don a gabana aka yi. Mijina Tokuji yana da gonar ƙananan lemo can sama, wadda mahaifinsa ya dasa. Gwiwoyinsa sun daina hawa tuntuni, a-kori-kurarmu ce ƙafarsa, ita ce kuma ke kai tankin ruwan da muke wanke wa itatuwa toka. Bara ta fara gazawa a kwanar ƙarshe, inda hawan ya fi tsanani. Ɗanmu Kohei ya zo daga birni ya zaunar da mu.

"Baba, a shekarunka ba zancen sabuwar mota. Ran da wannan ta kasa hawa, gona ta ƙare, ku dawo wurina. Na riga na gyara muku ɗaki."

Tsoro ne ya sa shi faɗin haka, na sani. Amma na san mijina: in aka raba shi da itatuwan nan, ba zai daɗe ba.

Sai tsohon nan ya shiga dabara a ɓoye. Ya kwance akwatin matacin iska ɗungurungum, ya ɗaure bakin bututun da ƙyalle. Mota ta kama ruri, shi kuma ya kama taƙama. Muna wucewa ta gaban garejin, sai ga Kinuyo ta tare hanya da tsintsiya, ta kira shi har da "san" ɗinmu na girmamawa.

"Tokuji-san, tsaya. Wa ya yi wa motar nan wannan aika-aika?"

"Ba ki ji muryarta ba? Kamar sabuwa."

"Kai ma in ka sha giyar dankali ruri kake yi. Ta taɓa kai ka gona?"

Ta durƙusa ta zaro ƙyallen, ta ɗaga shi ta dube ni. "Fumie-san, wannan ba safarki ba ce?"

"Ita nake nema tun shekaranjiya," na ce.

Dariyar ba ta yi nisa ba. Ta zura yatsa cikin bututun ta nuna masa, ga toka baƙi ƙirin. "Wannan gugar injin take yi daga ciki. Ka ƙara 'yan kwanaki haka, da hannunka za ka kai kanka ɗakin Kohei."

Ba a gareji ta fara aikin ba. Ta sa aka cika tanki, ta hau da motar da kanta, gilashi a buɗe, tana saurare. Da ta sauko ta ce bakin bututun kamfani yana ƙasa, yana shaƙar zafin inji da tokar da taya ke watsowa, shi ya sa mataci ke toshewa tun ba a je ko'ina ba. Ta mayar da akwatin, ta sa sabon mataci, ta haɗa bututu mai faɗi ta ɗaga shi ta bayan kan motar, bakinsa yana kallon baya da 'yar hula a kai. Sannan ta faɗi abin da ya sa nake ganin girmanta har yau.

"Ban mayar da ita sabuwa ba, numfashinta na dawo mata da shi. Ku kira Kohei ya gani da idonsa. In ta kasa, ni zan fara ce masa yana da gaskiya."

Ran Lahadi Kohei ya zauna gefen ubansa, tanki a cike. Mu mata muka tsaya a ƙasa muna bin ƙarar da kunne, Kinuyo ta rufe ido. Da suka kai kwanar ƙarshe ƙarar ta yi ƙasa. Sai ta riƙe, ta ci gaba da hawa ba tari ba gargada. Kinuyo ta buɗe ido ta ce, "Ta wuce." Ni kuwa na yi kuka, ban ji kunyar kowa ba.

Da suka sauko, Kohei ya sunkuya wa Kinuyo har ƙasa. "Kinuyo-san, nuna mini yadda ake kakkaɓe matacin nan. Duk Asabar zan riƙa ƙetarowa."

Ke ce, Kinuyo, wadda ba ta sayar wa mutum ƙara a madadin ƙarfi. Ke ce kika ƙi haɗa baki da tsoho a yaudari ɗansa, kika kuma ƙi bari a sauko da shi kafin lokacinsa. Uwar injuna, mai kunnen da ba ya kuskure. Tambayi masu noman radish, farin saiwar nan mai kama da karas, na bakin teku da direban da ke kai wa tsofaffi abinci, kowa yana da irin labarina.

Ku masu riƙe da sifana a bayanta, kafin ku taɓa bututun kowa ku tambayi inda motar take kwana da abin da take ɗauka, ku hau hanyar da mai ita yake hawa. Ku faɗi gaskiyar abin da aikinku zai iya, ko da mai mota ba ya son ji.

Mun gode, Kinuyo. Ɗakin da Kohei ya gyara mana yana nan, kwandunan lemo yake ajiyewa a ciki. Kwandon farko na bana naki ne, daga itatuwan can sama, kuma Tokuji ya ce shi zai tuƙo ya kawo miki da kansa.