Ƙwayar Hanji da Akushin Mutum Guda

Likita ta aje sakamakon gwajina gabana a wani asibiti nan Goronyo. Tac ce wata ƙwayar cuta ce murɗaɗɗiya cikin hanjina, wataƙila ita ta kawo zawon da ya ƙi tsayawa. Mutane da yawa na ɗauke da ita ba su sani ba.

"Baba, da wa kuke cin tuwo? A kawo su mu duba."





"Ɗiyata, tun da ɓarayin daji sunka watsa ƙauyenmu, ni kaɗai nike sa hannu cikin akushi."

A da, in an hito da ciyayya ƙofar gidana, tabarma ba ta isarmu.

Ashe yanzu ko cuta ba ni da wanda zan shafa wa.

Ku fa, da wa kunka ci tuwo jiya?