Hannun Mama Kande, Shekara Tara Bayan Rasuwarta

Shekara tara ke nan da muka binne Mama Kande a ƙauyensu da ke gindin duwatsu, ba nisa da Kafanchan. Tsakiyar damina ce kamar yanzu, ruwa yana saukowa yana ɗaukewa, har sai da maza suka kwashe ruwa daga kabarin kafin a saukar da akwatin. Duk tsawon shekarun nan ban taɓa rubuta komai a kanta ba. Bana dai na ga idan na ci gaba da jiran kalmomin da suka dace da ita, ni ma za a binne ni ban faɗi komai ba.

Mama Kande goggon mijina ce. Ta yi ƙuruciyarta tana shara da wankin zannuwa a wani ƙaramin asibitin mishan, da ƙarfi ya fara raguwa sai ta koma sayar da kunu a ƙofar gidanta, kusa da layin dogo. Amma ba kunun ne ya sa aka san ta ba. Mutane suna zuwa wurinta da irin ciwon da ba a iya nunawa da yatsa, kamar rashin barci, nauyin ƙirji, faɗuwar gaba, ko wuyan da ya sandare ba a san dalili ba. Takan zaunar da mutum a benci ƙarƙashin mangwaron bayan gida, ta shafa man kaɗanya a tafin hannunta ta murza sosai, sannan ta riƙe hannuwan kusa da kansa ba tare da ta taɓa shi ba. A hankali take sauko da su, tana cewa a ja numfashi a sake. Inda hannun ya tsaya, nan take cewa abin ya ɗaure, sai ta ɗora shi a wurin ta bar shi, tana addu'a ƙasa-ƙasa, wani lokaci da Hausa, wani lokaci da yarensu.

A wurin kakarta ta koya. Bayaninta ba shi da tsawo. Ta ce Allah ya sa wani ƙarfi da ke zagaya jikin mutum kamar yadda ruwa ke bin kwarin kunya a gona, damuwa kuma takan toshe masa hanya, ita nata kawai ta ɗan buɗe. Sunan da ta ba aikin shi ne sauke kaya.

Na daɗe da sanin haka, ban taɓa zaton zan zauna a bencin nan ba. Ni malamar firamare ce, ina cikin mawaƙan coci, kuma a ganina irin wannan abu na tsofaffi ne. Sai ga shekarar da rikici ya ɓarke a yankinmu. Ƙanena Ayuba direba ne, yana ɗauko citta daga Kachia. Ya fita da safe bai dawo ba, daga baya aka tsinci gawarsa a bakin hanya. Iyayenmu sun riga sun rasu, ni ce babba, saboda haka ni na tsaya a kan komai, tun daga karɓo gawa har zuwa kwaso matarsa da 'ya'yansa zuwa gidana. Ban zubar da hawaye ba. Mutane suka yi ta yaba ƙarfin zuciyata, ni ma na ɗauka ƙarfi ne.

Bayan 'yan watanni jikina ya fara nuna ba haka ba ne. Wuyana ya ƙi juyawa, kai kullum a ɗaure. Yaran ajina, waɗanda a da suke rige-rigen karɓar jakata, suka koma yin tsit idan sun hango ni. A asibiti aka ce hawan jini ne, aka ba ni magani, likita ya ce in rage tunani. Gaskiya ya faɗa, sai dai ban san ta inda ake ragewa ba.

Wata Lahadi bayan sujada Mama Kande ta tare ni a ƙofar coci ta ce in zo in taya ta tankaɗe gero, hannunta na ciwo. Da na isa na tarar an gama tankaɗe tuni. Ta nuna mini benci. Abin da ta fara tambaya shi ne ko ina shan maganin asibiti, na ce ina sha, ta ce kada in kuskura in daina. Daga nan ta fara. Ina zaune ina jin kunyar kaina, ina addu'a kada wani malami ya leƙo ya gan ni. Hannunta ya sauko ta bayan kaina ya tsaya tsakanin kafaɗuna, na ji wurin ya ɗauki ɗumi. Can sai ta tambaye ni wane abinci Ayuba ya fi so.

Na buɗe baki in ce gwaten acca, maganar ta ƙi fita. Abin da ya fito wani kuka ne da ban san yana cikina ba. Na yi ƙoƙarin danne shi, sai ta ce, "Yi kukanki, Malama. Nan ba makaranta ba ne, ba wanda zai ba ki maki."

Tun ranar da aka kawo gawar, kowa cewa yake in yi haƙuri. Ita kaɗai ce ba ta faɗa ba. Hannunta na nan a bayana har na gaji don kaina, sannan ta kawo mini kunu ta ce in koma gida in kwanta. Ba zan ce na warke a ranar ba. Na dai yi barci, kuma washegari na iya waiwayawa in amsa gaisuwa. Daga nan na riƙa zuwa duk ranar Asabar.

A lokacin garin ya rabu. Kiristoci ba sa shiga wasu unguwanni, Musulmi ma haka, har kasuwa kowa ya san ɓangarensa. Wata Asabar na shiga bayan gida na tarar da wata mata da hijabi a kan bencin, idonta a rufe, hannun Mama a ƙirjinta. Na tsaya a bakin ƙofa, zuciyata na tafasa. Mama ta ɗago ta yi mini nuni da kai in zauna in jira. Hajiya Asabe ce, mai sayar da atamfa a kasuwa, wadda kakanninta ma a garin aka haife su. Mun yi makonni muna haɗuwa a wurin ba mai ce wa kowa uffan. Mama ba ta taɓa cewa mu gaisa ba, ba ta kuma canja wa ɗayanmu rana ba, ko da yake na roƙe ta.

Ruwan sama ne ya tsare mu wata rana, muka fake a madafa mu uku. Mama ta ba mu baya tana hura wuta. Hajiya tana kallon ruwan ta fara magana kamar da kanta take yi. Ta ce ɗanta Sani tela ne, ya fita ya rufe shago a ranar da abin ya faru, har yau ba a ga ko gawarsa ba. Ta ce ita ina ma a ce ta sami ko kabarin da za ta nuna. Ban san lokacin da na fara ba ta labarin Ayuba ba. Ruwan ya ɗauke muna zaune, na raka ta har inda unguwarmu ta ƙare, abin da mace Kirista ba ta cika yi ba a waɗannan kwanakin.

Ba kowa ne ya yarda da aikin Mama ba. Wasu a coci sun ce tsafi ne aka lulluɓe da addu'a, kuma zuwan Musulmi gidanta ya ƙara musu abin faɗa. Dattawan ikilisiya suka kira ta. Ta shaida musu ba ta yin duba, ba ta kiran sunan kowa sai na Ubangiji, ba ta kuma taɓa gaya wa mutum cewa wane ne ya jefe shi ba. Suka ce kada ta hana kowa zuwa asibiti, ta ce wannan da ma dokarta ce. Aka bar ta, amma akwai matan da har ta mutu ba su ƙara sayen kununta ba, kuma abin ya yi mata ciwo ko da yake ba ta cika nunawa ba.

Ba zan mai da ita waliyyiya ba. Tana da kaifin baki, in ta ga kana wasa da lafiyarka za ta wanke ka tas a gaban kowa. Akwai kuma waɗanda hannunta bai yi musu komai ba. Na tuna wani magidanci da aka kawo yana jin muryoyi, ta zauna da shi sau ɗaya ta ce wa 'yan'uwansa wannan ya fi ƙarfinta, su kai shi asibiti a Kaduna tun kafin ya ɓaci. Ita kanta da take tsare mu da shan magani, da ciwon suga ya kama ta sai da muka riƙa yi mata gadi, don takan ɓoye kunu mai zaƙi ta sha. Ciwon ne ya yi ajalinta. A jinyarta ta ƙarshe matan bencin nan ne muka riƙa karɓa-karɓa, kuma ranar jana'iza Hajiya Asabe ta zo har ƙauyen da wasu mata 'yan unguwarsu, suka tsaya a gefe cikin ruwa har aka gama.

Nakan tambayi kaina me za ta ce da ta ga yau. 'Yata da ke aiki a Abuja ta gaya mini akwai wani wuri da take zuwa idan aiki ya sha mata kai, ɗaki mai ƙamshi da kiɗa a hankali, inda wata mata ke riƙe hannu a saman jikinta tana cewa ta ja numfashi. Tana ba ni labari kamar sabon abu ne ya zo daga ƙasar waje. Ina jin Mama za ta yi dariya, sannan ta tambaya ko matar takan bincika an ci abinci kafin a zo. Ba na jin za ta yi kishi. Abin da zai ɓata mata rai shi ne waɗanda muke gani a waya suna cewa a ɗora hannu a kan gilashin wayar su turo waraka, ko masu cewa a zubar da magani, ko masu nuna wa mutum uwarsa su ce ita ce mayyar da ta kama shi. Ita ba ta taɓa sallamar mutum da sabon abokin gaba ba.

Da tana nan kuma, da bencin ya yi mata kaɗan. Manoman cittar da cuta ta cinye musu gona suna yawo da damuwar da ba su da wanda za su gaya wa. Mai tafiya Abuja ta Kagarko da Jere, iyalinsa ba sa samun natsuwa sai ya buga waya ya ce ya sauka. Matasa kuwa kowa ya sunkuya a kan wayarsa, ana hira da na nesa, na kusa bai san halin da kake ciki ba. Mama ba ta iya karatu sosai ba, amma ta iya kallon yadda mutum ya riƙe kafaɗarsa ta bi shi har ƙofar coci.

Ba wanda ya gaji hannun. 'Ya'yanta suna birni, an ba da gidan haya, an sare mangwaron an gina shago. Ko akwai wani ƙarfi da ke fita daga tafinta, ko kuwa zaman da take yi da mutum ba gaggawa ne maganin, ba zan iya rantsewa ba. Har yau ina shan maganin hawan jinina. Abin da na sani shi ne na raini 'ya'yan Ayuba ba tare da na shayar da su ƙiyayyar kowa ba, kuma ba ni da tabbacin zan iya hakan da ban zauna a bayan gidanta ba. Matan da muka haɗu a wurinta, na coci da na masallaci, har yanzu muna zuwa wa juna biki da gaisuwar mutuwa.

A makon jiya na je duba Hajiya Asabe. Ta tsufa, ƙafa ta ƙi, ta bar wa jikarta shago. Muka yi hirar Mama, muka yi dariyar kunun da take ɓoyewa. Da na tashi tafiya sai ta ce ƙirjinta ya yi mata nauyi kwanan nan, in ɗora mata hannu a baya yadda marigayiya take yi. Na ce mata ni ba ni da wannan baiwar. Ta ce in dai sa. Na koma na zauna, na ɗora tafina tsakanin kafaɗunta.

Bayan wani lokaci ta ce, idonta a rufe, "Ba ki iya ba sam, Malama. Amma bar shi a wurin."

Na bar shi har aka kira la'asar. Allah ya ba Mama Kande hutawa.