An Ɓoye 'Yata Ranar Da Masu Taimakonta Suka Zo

Edita, ina gaishe ka, ina gaida masu karanta wannan shafi. Ni mai baki ne, ban saba da alƙalami ba, amma wannan abu ya daɗe yana cin raina. Lokacin da ya faru ni ɗan kasuwar hatsi ne, ina sayen masara da waken suya a Funtuwa da Dandume, in bi mota in kai kudu. Babu tashar da ban kwana ba daga nan har Anaca. Na san inda ake dafa shayi mai kyau a Lokoja, na san shingen da ake yi wa murmushi da wanda ake yi wa shiru. Ana kirana Alhaji, ko da yake har yau ban je ba, tumbi ne ya jawo min. Gidana yana wani ƙauye tsakanin Funtuwa da Malumfashi, ba zan faɗi sunansa ba, don mutanen da zan ambata suna nan da ransu, wasu ma sahunmu ɗaya a masallaci. Mai ɗakina takan ce na san hanyar kowane gari ban da hanyar ajin 'yata, kuma ba sharri ta yi min ba.

Yarinyar tana aji huɗu a lokacin. Zan kira ta Auta, duk da cewa an yi mata ƙanne, ita dai ta ƙi sakin sarautar. Yarinya ce mai kai. In ta ji waƙa sau ɗaya a rediyo ta riƙe ke nan, in ka aike ta kasuwa mai tumatir sai ya roƙe ta ta tafi. Amma a ajiye mata littafi, sai ka ga kamar an kashe fitila. Ta ce min haruffan ba sa tsayawa wuri ɗaya, na yi dariya na ce to ta ɗaure su da igiya kamar awakin uwarta. An yi bulala, an yi addu'a, na cika ta da alewar kowane gari, duk a banza. A makaranta har sunanta ya ɓace, ya koma daƙiƙiya.

Ana nan sai aka ba ajinsu wata malama, 'yar gidan maƙwabtanmu Kiristoci, wadda na sani tun tana yawo ba takalmi. Ta je jami'a ta ƙaro karatu a kan halayyar yara da yadda suke koyo. Wata rana da la'asar ta shigo gidana, ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce Baba, Auta ba daƙiƙiya ba ce, kuma a daina dukanta. Ta ce akwai yaran da Allah ya halitta haka, basirarsu lafiya lau, amma ƙwaƙwalwarsu tana wahalar haɗa harafi da sautinsa, kuma akwai hanyar koya musu daban. Ta ce malamanta na jami'a suna bincike a kan irin yaran nan a makarantun karkara. Duk makarantar da suka samu yaran, za su ɗauke ta cikin shirinsu, su horar da malamanta, su riƙa bibiyar yaran har su iya karatu. Ita ce ta roƙe su su zo tamu, kuma sun yarda. Na tambaye ta ko maganin sha ne ko allura, ta yi dariya ta ce Baba, haƙuri ne da dabara. Ranar mai ɗakina ta yi kuka, irin kukan wanda aka sauke wa kaya.

Ina cikin ƙungiyar iyaye da malamai, ba don ilimi ba, don ina da bakin magana. Hedimasta ya tara mu ya ce manyan baƙi za su zo daga jami'a. Malamar ta tashi ta yi bayani cewa ba duba makaranta za su yi ba, yaran da karatu ke ba wahala suke nema, don haka a bar komai yadda yake. Hedimasta ya yi mata irin kallon da ake yi wa yaro mai ba babba shawara. Ya ce yarinya, duk wanda ya zo da mota mai tambari sufeto ne, ko me ya kira kansa, kuma shi tun kafin a yaye ta yake karɓar baƙi. Ya juyo ya ce Alhaji, kai da ka ga duniya, ai ka san ba a tarbar baƙo da tsumma. Ni kuwa aka taɓo inda nake so, na gyara zama na ce ƙwarai. A wajenmu kowa ya san yadda ake yi in sufeto zai zo. Ana shafa wa duwatsu farar ƙasa, a aro benci daga coci, a aro tuta. Na ɗauka aron a nan ya tsaya.

Ranar da za su zo, aka raba aiki. Ni aka tura ni Malumfashi da sassafe in ɗauko rumfa da kujerun roba da lemo. Malamar kuwa aka ce ta bi sauran malamai mata gidan hedimasta su yi girki, wai baƙin sai bayan azahar za su iso, alhali ya san da hantsi za su zo. Kafin in fita na ga Auta ta yi wanka har da kwalli, ta sa jan silifas ɗin da na sayo mata a Anaca, da hijabin makaranta wanda uwarta ta yi wa alama da koren zare a gefe don kada a musanya. Na ce wa za a aura yau, ta ce Baba, yau masu gyaran haruffa za su zo.

Da na dawo na tarar da motar baƙi a gindin dalbejiya. Shugabarsu wata dattijuwa ce mai tabarau, ana ce mata Dakta, tare da ɗalibanta da take horarwa. Na leƙa ta tagar aji huɗu, na hango hijabi mai koren zare a layin gaba, hankalina ya kwanta, na koma ina jera kujeru ina ba direbansu labarin hanyar Lokoja. Baƙin suna kiran yara ɗaya bayan ɗaya, kowane yaro ya zo ya karanta tamkar mai labaran rediyo. Hedimasta sai washe baki yake, yana cewa ai haka yaransa suke, tun suna ciki suke karatu. Dakta kuwa fuskarta sai ƙara tsukewa take. Na ji tana gaya wa ɗalibanta cewa ta zaga makarantu da yawa, har na 'ya'yan manya, ba ta taɓa ganin ajin da babu ko yaro ɗaya mai tuntuɓe ba.

Can sai ta kira yarinyar nan mai koren zare, ta ce 'yata, zo ki nuna min ban-ɗaki. Yarinyar ta juyo, sai na ga fuskar da ban taɓa gani ba. Ta ce wa Dakta ita ma ba ta san inda yake ba, don ita ba 'yar makarantar nan ba ce, aro ta aka yi. Haka ta faɗa, kai tsaye, kamar mai cewa yau Talata. Ashe daga wata makarantar kuɗi ta surukin hedimasta aka kwaso su a motar ɗaukar kaya, aka tuɓe wa namu kayan makaranta aka sa musu.

Ban san lokacin da na zagaya bayan ajujuwan ba, Dakta tana bina. Can kusa da masai akwai wani tsohon sito da ake ajiye taki da karyayyun benci. A bakin ƙofarsa na ga takalman yara a jere, tsaf, don an ce musu aji ne, su kuma an koya musu cire takalmi. Jan silifas ɗin Auta yana cikinsu. An sa kwaɗo a ƙofar. Na ɗauki dutse na fasa. Edita, na yi tafiya a bayan motar fatu a tsakiyar bazara, na kwana kusa da kwatar Legas, amma ban taɓa shaƙar abin da ya fito daga ɗakin nan ba. Kashin jemage, ruɓaɓɓiyar masara, mushen ɓera a kusurwa, ga fitsarin yaran da aka rufe tun safe babu taga. Suna tsugune, maza ba riga, mata sun rufe jiki da buhunan taki. Ko kuka ba sa yi, don an ce duk wanda ya yi motsi baƙi suka ji, zai sha bulala. Auta tana can ƙarshe, kwallin ya zubo mata har haɓa. Da ta gan ni ba ta taso ba. Tambayata ta yi a hankali ko baƙin sun tafi, ko za su iya fitowa yanzu.

Malamar ta iso da kular shinkafa a kai, ta ga abin da ke nan, ta ajiye kular a ƙasa ta zauna kusa da kular. Dakta ta cire mayafinta ta lulluɓe wata yarinya. Abin da ya fi ɓata min rai shi ne hedimasta. Bai ji kunya ba. Ya ja ni gefe ya ce haba Alhaji, don mutuncin garinmu ya yi, da ya bari baƙi sun ga irin waɗannan ai da an yi da mu har Katsina. Irin waɗannan, ya ce, 'yata tana tsaye tana jinsa. Ya ƙara da cewa ga abinci nan zai huce, a daure a zauna. Kuma wallahi wasu sun zauna. Ina ganinsu suna yagar kaza a ƙarƙashin rumfar da na ɗauko, warin siton yana kaɗowa.

Na roƙi Dakta ta gwada yaran namu tunda ga su. Ta ce Alhaji, yaron da ya wuni a tsorace ko sunansa ba zai iya faɗa daidai ba, duk abin da ta auna yau tsoro ne ba karatu ba. Ta ce kuma ba za ta iya dasa shirin a inda shugaba ke kulle yaran da aka zo dominsu ba. Dole su kama hanya da sauran rana saboda halin da hanyoyinmu ke ciki. Gurbin namu ya koma wata makaranta a wajen Dayi. Mun kai ƙara, aka yi wa hedimasta canjin wurin aiki, na ji ma an ce inda ya koma ya fi nan girma.

Auta ta ce ita da makaranta har abada, ko hijabin da aka dawo mata da shi ta ƙi taɓawa. Malamar ce ta yi ta lallashinta, ta kuma yi ta zarya har Dakta ta yarda a karɓi Auta a makarantar can Dayi. Na bar bin motar kudu, na sayi tsohon babur, kullum ni ne direbanta, kai da ɗaukowa. Abokan kasuwa suna tsokanata wai Alhajin Anaca ya koma ɗan acaɓa mai fasinja ɗaya, kuma fasinjar ba ta biya. A hankali, da katunan haruffa da rubutu a kan yashi da tafi, haruffan suka fara tsayawa. Ranar da ta karanta min rubutun bayan wata tirela muna tafe, sai da na tsaya a gefen titi na ce ƙwaro ne ya faɗa min a ido. Sauran yaran da aka kulle tare da ita ba su samu mai babur ba. Yawancinsu ba su ƙara taka makaranta ba, ina ganinsu a gona.

Abin da na koya shi ne, wannan ɗabi'a tamu ta gyara fuska saboda baƙo tana iya cin 'ya'yanmu. Likita ya zo har gida, mu kuma muka ɓoye mara lafiya muka jera masa masu lafiya. Iyaye, in an ce baƙi za su zo makarantar yaranku, kada ku tsaya jera kujeru kamar ni. Ku shiga ajin, ku kalli fuskar ɗanku, ba bayan hijabi ba. Malamai, in masu bincike sun zo, ku nuna musu yaron da ya fi ba ku wahala, shi suka zo nema.

Auta ta girma yanzu, tana sakandare, ita ke karanta min saƙon waya tana gyara min Hausa. Amma har gobe, in baƙo ya yi sallama a ƙofar gidana, sai in ga ta tashi shiru, ta ɗauki takalmanta ta nufi bayan ɗaki. Ba wanda ya ce ta tafi. Sai na bi ta na kamo hannunta, in ce taho uwata, ai ke aka zo gani.