Da Ƙafarta Motar Malam Ta Shiga Barkiya

Me ya sa mutumin da ya tsufa a kan tirela, mai ƙarar da ke tada unguwa, ya kwashe abin da ya tara ya sayi motar da ba a jin motsinta? Na tambayi Malam, mijina, yana raye, dariya kawai ya yi. Yanzu ba ni da wanda zan tambaya. Ban yi boko ba. Ɗiyata Binta, malamar asibiti, ita ke rubuta abin da nake faɗa, na kuma ce kada ta gyara mini magana.

Motar irin mai tafiya da fetur da batir ce, in wannan ya huta wancan ya karɓa. Da Malam ya rasu, ƙaninsa Alhaji Sale ya karɓe makulli, ya ce kayan mamaci ba a taɓa su sai an raba gado. Aka sa ranar rabo a Barkiya, garinsu, bayan na fita takaba. So yake a sayar da ita a sayi a-kori-kura ta dakon hatsi. Ya ce irinta in ta yi watanni a ajiye batirinta mutuwa yake, sai dai a ba masu ɓalle kayan mota. A nan gaskiya ya faɗa, Malam ma ya sha faɗin haka. Abin da bai sani ba, makullin biyu ne, ɗayan yana aljihun rigar Malam. Duk Juma'a in maza sun tafi masallaci, sai in shiga rumfar da take, in taka birki, in danna maɓalli yadda na ga yana yi, in zauna ina kuka har injin ya tashi ya yi aikinsa ya kwanta. Mai ganin na yi laifi ya zo ya faɗa mini a gabana.

Dutsin-Ma

Muna idar da sallar asuba muka fito, Binta na tuƙi, ni a gefenta. Akuyar maƙwabta na kwance a tsakiyar lungu, ko kunne ba ta kaɗa ba sai da aka danna mata oda. Wannan aibin motar ne, ba zan ɓoye ba: dabba ba ta jin ta, yaro ba ya jin ta, sai direba ya zama mai ido. A gidan man bakin gari 'yan acaɓa da bas-bas sun yi layi tun da duhu. Muka wuce su da man da Malam ya bari a ciki.

A shingen jami'an tsaro muna tsayawa injin ya ɗauke, kamar yadda ya saba. Wani saurayi a cikinsu ya leƙo, ya tambaya ko a kira mutane su tura mu. Na ce ba ta mutu ba, ɗana, ɗage mana itacen kawai. Ya duba takardu, ya ji mai ita ya rasu, ya yi masa addu'a. Da muka zare ba ƙara, na hango shi yana taɓa ɗan'uwansa.

Kurfi

Da hantsi muka tsaya a tasha muka ci waina da miya. Direbobin da suka san Malam suka taru suka yi mini gaisuwa, daga nan magana ta koma kan mota. Wani Malam Isa mai bas ya ce tasa ko a dawa ta lalace, bakanike da waya da guduma zai tada ta, tamu kuwa sai an kai ta Katsina an jona mata na'ura. Na ce haka ne, amma sau nawa ka kwana a ƙarƙashin taka a watan nan? Aka yi masa dariya, shi ma ya yi. Sai ya daina wasa ya ce akwai rafi kafin Barkiya, yashi ne zalla, motarmu kuma cikinta a ƙasa yake. Ya ce mu bar ta a tasha mu hau babura. Na gode masa. In na isa a kan babur, Sale ya gama cin nasara tun ban buɗe baki ba.

Rafi

Abin da ya faɗa shi ya faru. Muna tsakiyar yashi ta zauna, tayoyin gaba na juyawa a banza. Rana ta take. Mai wata tarakta ya tsaya, ya ciro sarƙa, ya ce ya ja mu har ƙofar gida kyauta, don Allah. Binta ta dube ni ta ce, Inna, bayan azahar za a fara rabon. Na ce a mai da sarƙar. Malam ya hana a ja ta da sarƙa, ya ce ɓata ta ake yi. Ko bai hana ba, ba za ta shiga garin nan a bayan tarakta kamar mushe ba.

Na fito, na ɗaure mayafi a ƙugu, na haura gona na ɗebo karan dawa. Wasu matan Fulani masu tallar nono suka sauke ƙoransu suka kama mini. Da hannu muka tone yashin, muka shimfiɗa kara, Binta ta rage iskar tayoyi. Sau biyu tana yunƙurawa tana komawa. A na uku ta haye. Ni na ƙetare da ƙafa, ina kiran sunan da ban taɓa kiransa da shi ba yana raye.

Barkiya

Maza na zaune a gindin darbejiya a ƙofar gida, da limamin da zai yi rabo. Sale ya ba hanya baya, yana gaya musu motar tana can Dutsin-Ma a mace. Binta ta tsaya dab da tabarmarsa, bai ji ba, sai da wani dattijo ya nuna masa da haɓa.

Ya tambaya wa ya taɓa ta. Na ce ni, duk Juma'a. Liman ya ce wanda ya tsare dukiyar magada daga lalacewa bai ci ta ba. Na ce to a sa tumunina na gado a mota, gonar Malam na bar musu. Aka ce motar ta fi rabona, Binta ta ce a cike daga nata.

Sale ya ce, "Yaya, gona ke ciyar da mutum. Ke ko tuƙi ba ki iya ba."

Na ce, "Na iya tada ta. Kai da ka riƙe makulli tun rasuwa, ka iya?"

Sai ya zaro makullin ya ajiye a tabarma. Na san bana ba za a kawo mini dami ko ɗaya daga Barkiya ba. Na sani kafin in taso.

Muka kwana a ɗakin matar Sale. Ta yi mana tuwon dawa da miyar kuka, muka yi kukan Malam tare.

Gida

Washegari na sauka tun kafin rafi, muka shimfiɗa kara, ta wuce sau ɗaya. Kafin azahar tana cikin rumfarta. Na gode wa Allah, na gode wa Binta, da matan nan masu nono da ban ko tambayi sunansu ba, da mai taraktar da na ƙi alherinsa.

Masu cewa tsohuwa ta ba da gona don ƙarfe, su yi ta faɗa. Ranar da Malam ya rasu, dam ɗin Zobe zai kai ni mu sayo kifi. Ya buɗe mini ƙofar motar da kansa, ya juya ɗaki, ni kuma na yi ta jira a ciki ban san ya faɗi ba. Abin da ya ce kafin ya juya shi ne, "Shiga gaba ki zauna, Hajiya, wurinki ne. Bari in ɗauko hulata."